Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Hausawa, Malamai Da Iyayen Yara Na Garwa, Marwa Da Ngaundere

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Allah gafarta malamai. Ina gaida alhazan kasuwa, ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gidaje, waɗanda nake roƙon duk wanda ya karanta wannan takarda ya shiga ya karanta musu, domin rabin maganar tasu ce.

Ni tsohon tafinta ne. Shekara 26 na yi a tsaye tsakanin alƙali da talaka a wata kotu a nan arewacin Kamaru, ina ɗaukar maganar mutanenmu daga Hausa da Fillanci ina mai da ita Faransanci, in ɗauko ta alƙali in dawo musu da ita. Yanzu na ajiye aiki, ido ya yi rauni, gwiwa ta gaji. Akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, ina tsoron kada a kai ni makwanci ban faɗe ta ba.

Wata rana aka kira shari'ar gado. Matar ba ta daɗe da fita takaba ba, ta zo neman takardar hukuncin da ke nuna su wane ne magada, wadda sai da ita ake taɓa kuɗin mamaci a banki ko fanshonsa. Alƙalin mutumin kirki ne, daga kudu aka turo shi. Ya ce ta faɗi sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe baki. Ya tambayi sunan babban ɗanta, nan ma shiru. Na ga fuskarsa ta fara sauyawa, ya ɗauka wani abu take ɓoyewa. Sai da na nemi izini na yi masa bayani cewa a wurinmu mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗan fari, ko da a gaban sarki ne. Ya gane, aka ci gaba. Amma akwai abin da ni ma ban gano ba a ranar. Matar tana da ƙaramin ciki. Zauren cike yake da maza, ga 'yan'uwan mijin a zaune, ga ni namiji a gefenta. Ba ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Aka rubuta magada huɗu, aka buga hatimi. Da ta haihu, sai da ta yi fiye da shekara tana zarya kafin a shigar da sunan jaririn, a lokacin kuwa an riga an sayar da filin an raba kuɗin.

Har yau in na kwanta nakan tuna ta. Da mace ce a kan kujerar nan, mace mai jin Hausa tun daga nono, da kallo ɗaya ya ishe ta. Da ta kira ta gefe ta ce, “Baiwar Allah, akwai wani abu ne?” Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, ya yanke hukunci bisa abin da ya ji, to wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Ni na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wanda ya iya Faransanci ya shigo da ƙafar dama. Tafinta kuwa, komai tsoron Allahnsa, kwarya ce mai tsaga, ba a ɗebo ruwa da ita a kai gida a cike.

Na yi aiki da alƙalai mata, kada a ce ban faɗa ba. Akwai su a Kamaru, wasunsu sun fi maza da yawa riƙon gaskiya. Ƙasar nan ta samu lauya mace, Alice Nkom, tun 1969, kuma 'yar ƙasar nan Florence Rita Arrey ta zauna a kotun duniya da ta yi shari'ar kisan kiyashin Ruwanda. Amma a duk shekarun da na yi, ban taɓa tsayawa gaban alƙaliyar da ta ce mini, “Malam, zauna ka huta, ina jin abin da take faɗa” ba.

Shi ya sa nake so in ba ku labarin wata mata daga ƙetaren iyaka.

Ranar Litinin 16 ga Yuli 2012, saura 'yan kwanaki a kama azumi, ina zaune a ƙofar gida da rediyona bayan la'asar, na ji an ce an rantsar da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar a matsayin Alƙalin Alƙalan Najeriya, mace ta farko da ta hau wannan kujera. Najeriya tarayya ce, kamar yadda tamu ƙasar ta kasance daga 1961 zuwa 1972 a zamanin Ahmadu Ahijo. A can kowace jiha da kotunanta, sannan ga na tarayya a bisansu, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Wannan baiwar Allah ita ce ta zama kan dukkansu. Daga ranar na shiga bin diddigin tarihinta, ina tambayar 'yan'uwa masu zuwa Yola da Kano, ina sa jikoki su karanto mini abin da aka rubuta a kanta.

An haife ta ranar 20 ga Nuwamba 1944. Ta fara karatu a Zariya, ta yi makarantar Wusasa, daga nan iyayenta suka tura ta Ingila. Ku tsaya a nan tukuna, ranku ya daɗe. Wannan zamani ne da ko ɗa namiji sai an yi da gaske ake ba da shi boko, a wurinsu da wurinmu duka, ana ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. A irin wannan lokaci wani uba ya daure, ya sa 'yarsa a hanya zuwa ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Na san irin maganganun da ya sha, domin na san mutanenmu. Ya toshe kunne. A 1966, tana da shekara 22, ta zama lauya a Ingila, a 1967 aka karɓe ta lauya a Najeriya, mace ta farko daga duk faɗin Arewa.

Ba ta buɗe ofis ta nemi kuɗi ba. Ta shiga ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati, ƙasa na cikin yaƙin basasa. Daga nan aka naɗa ta majistare a Jihar Arewa Maso Gabas, wadda Maiduguri ce hedikwatarta. Wannan jiha ita ce ta yi kafaɗa da mu tun daga tafkin Chadi har ƙasar Adamawa, ta haɗa da Mubi da Yola. Mutanen da suka tsaya gabanta a waɗannan shekaru irin namu ne sak, Barebari da Fulani da Hausawa, masu rigimar shanu da bashi da iyakar gona. Ruwan Binuwai da ya ratsa Garwa shi ne ya gangara Yola. Ba labarin wata duniya nake ba ku ba.

A 1973 ta koma Kano ta zama babbar magatakardar kotunan jihar. Wannan aiki na san shi, domin da magatakarda na yi rayuwata: aikin takardu ne, aikin rajista da jadawalin ƙararraki, babu suna a cikinsa, amma a nan ake sanin inda fayil ke ɓata da dalilin ɓatansa. A 1977 ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano, mace ta farko a wurin, ta yi shekara 10. A 1987 aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, nan ma ita ce mace ta farko, aka tura ta Ibadan, cikin ƙasar Yarabawa, nesa da gida. Shekara 18 ta yi a wannan kotu. Sai a 2005 ta shiga Kotun Ƙoli, inda ba a taɓa ganin mace ba kafin ita. Daga ranar da ta fara aiki zuwa ranar da na ji sunanta a rediyo, shekara 45 ke nan.

Amma ba jerin kujerun ne ya kama zuciyata ba. Abin da ya faru ranar Juma'a 12 ga Disamba 2008 ne.

An yi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya a 2007, aka ce Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ci. Muhammadu Buhari ya kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai 7 suka zauna. Huɗu suka ce zaɓe ya tsaya. Uku suka ce bai tsaya ba: George Oguntade, Walter Onnoghen da Aloma Mukhtar. Hujjarsu a fili take. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce takardun ƙuri'a su kasance da lambobi a jere, domin a iya bin sawun kowace takarda, a san nawa aka buga, nawa aka kai kowace rumfa. An yi zaɓen da takardu marasa lamba. Su ukun suka ce in an rushe wannan sharaɗi, to babu yadda za a yi a rantse cewa abin da aka ƙirga shi jama'a suka jefa, don haka a sake zaɓe.

Ku duba matsayin da take ciki a ranar. Wanda ke kan mulki ɗan Arewa ne, Musulmi, Bakatsine, jikan gidan sarauta. Ya fi shekara ɗaya da rabi a fadar gwamnati. Ita kaɗai ce mace a cikin bakwai ɗin. Da ta bi masu rinjaye babu mai zarginta, kuma ta san sarai cewa wata rana sunanta zai je teburin shugaban ƙasa. Ta rubuta abin da ta gani a doka, ta sa hannu. Hukuncinta bai yi rinjaye ba, 'Yar'aduwa ya ci gaba da mulki har Allah ya karɓi ransa a 2010. Bayan shekara 2, mataimakinsa Goodluck Jonathan, wanda da an bi ra'ayinta da shi ma ya sauka, shi ne ya tsaya ya rantsar da ita. Ni da na ga yadda gumi ke karyo wa babban mutum in an ce wayar wani mai iko ce ke jiransa a ofis, na san nauyin abin da ta ɗauka.

Da ta hau kujerar ba ta ɓoye cewa akwai ɓata-gari a cikin alƙalai ba, ta faɗa a gaban majalisar dattawa tun ranar tantance ta. Majalisar da ke ladabtar da alƙalai tana ƙarƙashinta, kuma a farkon 2013 majalisar ta nemi a yi wa alƙalai 2 ritayar dole. A shekarar ne kuma wani alƙali a Abuja ya yanke wa wani jami'i da ya amsa laifin cin biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 750,000. Mutumin ya biya nan take ya tafi gida. Majalisar ta dakatar da alƙalin shekara guda babu albashi. Ba na ce ta gyara komai ba, shekara 2 da wata 4 kawai ta yi, ta sauka ranar 20 ga Nuwamba 2014 da ta cika shekara 70 kamar yadda dokarsu ta ce. Amma ƙofar da ta buɗe ba ta rufu ba. A shekarar da ta sauka Zainab Bulkachuwa ta zama shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2024 kuma wata macen, Kudirat Kekere-Ekun, ta zama Alƙalin Alƙalai.

Allah gafarta malamai, na san abin da ke ranku, kuma ba zan kewaye shi ba. Mu Malikawa ne, kuma a mazhabarmu namiji ake naɗawa alƙali. Haka Shafi'awa da Hambalawa suka tafi. Hanafawa sun yarda mace ta yi hukunci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba, Imam Ɗabari da Ibn Hazm kuma ba su ga hani ba sam. Ni ba malami ba ne, ban isa in yi muku rinjaye ba. Tambaya ce kawai nake kawowa gabanku. Kotun gwamnatin Kamaru tana nan, ko mun so ko mun ƙi. Ita ke ba da takardar gado, ita ke ɗaure 'ya'yanmu ko ta sake su, ita ke raba rigimar fili. Akwai mata a kan kujerunta yau, kuma matanmu na tsayawa gabansu. To wanne ya fi kusa da maslaha: matanmu su tsaya gaban wadda ba ta san takaba ba, ba ta san idda ba, ba ta san rabon tumuni ba, ko gaban 'yarmu da ta sauke Alƙur'ani a zaurenku kafin ta tafi jami'a? Ku zauna ku duba mana wannan, ku faɗa mana a kan mumbari. Kuma wannan ƙasa ta Fombina da tutar Shehu Usmanu aka kafa ta a hannun Modibbo Adama, Shehun da ya yi faɗa da masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, wanda 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ko da kun tsaya a kan cewa kujerar hukunci ta maza ce, lauya fa? Magatakarda fa? Duk muna bukatarsu, duk babu namu.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ina da 'ya, ta biyu a ɗakin uwargidana. Tun tana ƙarama take bina da tambaya in na dawo daga aiki: Baba, yau wa ya yi gaskiya? Ta ci jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, da sakamako mai kyau, malaminta ya tako har gida ya roƙe ni in bar ta ta ci gaba. Ta ce mini da bakinta shari'a take so ta karanta. A lokacin wani mutumin kirki ya fito neman aurenta, 'yan'uwa suka taso ni gaba, aka ce yarinya ta girma, aka ce me mutane za su ce. Ni da nake ganin matan mutane na kuka a kotu kullum, ni na cire ta. Ba ta yi mini musu ba, ta ce, “To Baba.” Tana ɗakinta lafiya, mijinta na riƙe da ita da mutunci, ta haifa mini jikoki. Amma ranar da na ji labarin Aloma a rediyo, na kashe rediyon na shiga ɗaki, ban iya cin tuwon dare ba. Bambancin 'yata da wannan mata, uba ne. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Ni ne ban gama yafe wa kaina ba.

Hanyar a nan ba irin ta Najeriya ba ce, kuma ta wani fannin ta fi sauƙi. A can sai mutum ya yi shekaru yana lauya kafin a naɗa shi alƙali. A nan yarinya za ta ci CEP, jarrabawar gama firamare, ta ci BEPC, ta wuce Probatoire da Baccalauréat na babbar sakandare, ta karanta shari'a a jami'a, sannan ta zauna kwankur, wato jarrabawar gasa, na shiga makarantar ENAM a Yawunde, inda ake horar da alƙalai shekara 2. Ba sai an tura kowa Ingila ba. Jami'ar Ngaundere na nan a Dang tun 1993, Marwa ta samu tata a 2008, Garwa a 2022. Yarinya za ta iya kwana a ɗakin uwarta ta wayi gari ta tafi aji.

Inda muke faɗuwa tun a matakin farko ne, takardar haihuwa. Ana haihuwa a gida, a yi suna, a yanka rago, a ci a sha, babu wanda ya tuna da ofishin magajin gari. Sai yarinya ta kai ajin ƙarshe na firamare a ce babu takarda babu jarrabawa. Daga nan sai an bi ta kotu a nemi hukuncin da zai maye gurbin takardar, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga, uban ya ga wahala ya ce ta zauna gida, dama aure za ta yi. Na fassara irin wannan shari'a ba adadi, kuma waɗanda suka zo su ne ƙalilan da suka daure. Ranku ya daɗe, wannan a hannunku yake. Babu sunan da ake raɗawa a unguwa ba da sanin mai unguwa da liman ba. Liman ya tambayi uban jariri kafin ya yi addu'a: an kai sunan ofis? In ba a kai ba, mai unguwa ya sa yaro ya raka shi washegari. Ba ya cin ko dala.

Alhazan kasuwa, ku kuma ga taku. Na ga yadda kuke haɗa kuɗi cikin dare ɗaya in an kama ɗayanku da kaya a kan iyaka, ku ɗauki lauya mai tsada daga Duwala. Ku ware wani abu kaɗan daga irin wannan ku kafa asusu a kowane gari, a hannun amintattu, a riƙa ɗaukar nauyin yarinya 2 ko 3 da suka ci Baccalauréat suna son shari'a: kuɗin rajista, littattafai, kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde ranar jarrabawa, da gidan mutunci da za su sauka a can. Muna da 'yan'uwa a unguwar Briketeri ta Yawunde da ba za su ƙi karɓar 'yar amana ba. Tsoron da iyaye ke ji na tura budurwa wani gari tsoro ne na gaskiya, ni ma na ji shi, kuma maganinsa a san hannun wa take.

Iyaye maza 'yan'uwana, dokar laifuka ta 2016 ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, mace ko namiji, amma ba da doka nake so in tsorata ku ba. In mai neman aure ya zo, a sa masa sharaɗin karatu a gaban waliyyai da shaidu, a rubuta, sarki ya sani. Wanda ya ƙi sharaɗin ya nuna muku halinsa tun ba a kai lefe ba. Iyaye mata kuma, tallan da ake ɗora wa yarinya don tara kayan ɗaki shi ke cinye lokacin karatunta, kun fi ni sanin haka.

Ina da jika, 'yar wannan 'yar tawa, tana aji na biyu a sakandare. Ranar da aka haife ta ni da kaina na je na yi mata takarda. Na yi magana da ubanta, ya ba ni alkawari a gaban mutum biyu. Daga fanshona na fara ajiye mata jaka 5 duk wata a hannun uwarta. In aka kafa asusun da na roƙa, a rubuta sunana a farko da wata jaka 5 ɗin. Kuma duk mai unguwar da ke da yaran da ba su da takardar haihuwa, ya aiko a kira ni. Na san ƙofar da ake shiga, na san takardun da ake nema, kuma ƙafata na iya kai ni kotu tukuna.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya bar mu da malamanmu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon tafinta, Garwa.